Prado 'Yar Wace Shekara Ce Ta Fi Ƙwari? Bayani Ga Masu Sayen Jif Ta Hannu

A unguwar Mile 3 da ke yankin Diobu a birnin Fatakwal, inda 'yan Arewa da dama ke zaune suna neman abinci, mota ba abin ado ba ce kawai. Ɗan kasuwar da iyalinsa ke Kano ko Sakkwato yana da tafiyar fiye da kilomita 1,000 a gabansa duk sa'ad da Sallah ta ƙarato, ko aka kira shi gida domin suna ko ta'aziyya. Ko dai ya bi ta Aba da Inugu ya ɓulla Makurɗi, ko kuma ya bi ta Owerri da Anacha ya nufi Lakwaja. Kowace ya ɗauka, akwai ramuka, akwai wuraren da ruwa ke kwanciya da damina, akwai kuma dazuzzukan da babu mai fatan motarsa ta mutu a cikinsu bayan faɗuwar rana.

Wannan ne ya sa wanda Allah ya hore masa yakan nemi jif mai tsayin ƙafa, kuma sunan da ya fi yawo a bakin dillalai shi ne Toyota Land Cruiser Prado, tare da 'yan uwanta Lexus GX da Toyota 4Runner. Tambayar da mai saye ke fara yi kusan ɗaya ce a Fatakwal da Anacha da Inugu: 'yar wace shekara ce ta fi ƙwari?

Tambayar tana da amsa, sai dai shekara ita kaɗai ba ta warware ta. Motoci biyu da aka ƙera a shekara ɗaya suna iya ɗaukar injina daban, ɗaya ya jure man da ake sayarwa a Najeriya, ɗaya kuma ya kasa. Bugu da ƙari, shekarar da fuskar mota ke nunawa a kasuwannin ƙasar nan sau da yawa ba ita ce shekarar da aka ƙera ta ba.

Zuriyar Prado a taƙaice

Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, aka raɗa mata wannan suna a 1954. Sunan Prado ya bayyana a 1990, a matsayin ƙanwar babbar Land Cruiser, mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Daga nan aka sami samfurin J90 daga 1996 zuwa 2002, sai J120 daga 2002 zuwa 2009, sai J150 wanda ya fi kowanne daɗewa, daga 2009 zuwa 2023. Sabon samfurin J250 an gabatar da shi a watan Agustan 2023.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga farko. Ba a sayar da J120 da J150 a Amurka da sunan Prado ba. A can, an ɗora Lexus GX470 a kan shasin J120, aka ɗora GX460 a kan na J150, kuma 4Runner ta 2003 zuwa 2009 da ta 2010 zuwa 2024 duk 'yan gida ɗaya ne da su. Saboda haka Prado da ke Najeriya ta fito ne daga ƙasashen Larabawa, ko Turai, ko an saye ta sabuwa a nan gida. Dillalin da ya ce Prado 2012 da ke hannunsa 'yar Amurka ce, ya cancanci a ƙara yi masa tambayoyi.

1996 zuwa 2002: tsohuwa mai sauƙin gyara

J90 ta shahara da injinan fetur guda biyu: mai silinda huɗu da lita 2.7, wato 3RZ-FE, da mai silinda shida da lita 3.4, wato 5VZ-FE. Dukansu ba su da yawan na'urorin lantarki, kuma da wuya a sami garejin da ba a san su ba daga Ikoku zuwa Ƙofar Ruwa. Mai silinda shidan yana amfani da bel ɗin taimin, wanda ake canzawa bayan tafiyar kimanin kilomita 150,000.

Raunin wannan samfuri yana ƙafar gaba. Mahaɗin ƙasa da kanikawa ke kira boljon an tsara shi ta yadda nauyin mota ke jan sa, don haka idan ya ci har ya tsinke, tayar na iya karyewa ta shige ƙarƙashin mota tana cikin gudu. A 2005 Toyota ta janye motoci kimanin 775,000 a Amurka saboda matsalar wannan mahaɗi, ciki har da 4Runner ta 2001 da 2002 mai irin wannan ƙafa. A kan hanyoyi masu ramuka, jabun boljon a irin wannan mota ganganci ne da rai.

Injin dizal na lokacin, 1KZ-TE, yana da ƙarfi, amma ba ya yafe zafi. Da zarar ya yi zafi fiye da ƙima, kan silindarsa na iya tsagewa. A yau mafi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta haura shekara 20, don haka robobi da wayoyi da lagireto duk sun tsufa, ko da injin na da sauran numfashi.

2002 zuwa 2009: samfurin da ya kafa suna

J120 ita ce ta yaɗa sunan Prado a Najeriya. An sauya fasalin ƙafar gaba, matsalar boljon ta ragu ƙwarai. A wannan zamani ne aka shigo da injin 1GR-FE mai silinda shida da lita 4.0, da kuma 2TR-FE mai lita 2.7 wanda ya maye gurbin tsohon mai silinda huɗu a 2004. Dukansu suna amfani da sarƙar taimin maimakon bel, wadda kan daɗe matuƙar ana juye baƙin mai a kan kari.

A cikin wannan samfuri ma shekarun sun bambanta. Masu gyara sun daɗe da lura cewa injinan lita 4.0 na farko-farko, wajajen 2003 zuwa 2005, sun fi saurin ƙona gasket ɗin kan silinda idan sun yi doguwar tafiya, yayin da na baya suka fi samun sauƙi. Alamarta ita ce raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga inda yake zuba ba, da karkarwar inji da sassafe. Haka nan dashbod ɗin motocin wannan zamani yakan tsattsage a ƙasashe masu zafin rana. Wannan aibi ne na ido, ba ya hana tafiya.

GX470 kuwa tana ɗauke da injin 2UZ-FE mai silinda takwas da lita 4.7, wanda ya yi suna wajen juriya, amma bel ne da shi, kuma yana shan mai. A bayanta akwai jakunkunan iska a madadin sifirin, kamar yadda yake a wasu manyan ajin Prado. Idan suka tsufa sukan yi yoyo, a wayi gari bayan mota ya zauna. Masu motoci da yawa sukan cire su su sa sifirin na ƙarfe, kuma idan aka yi aikin da kyau babu laifi.

2009 zuwa 2023: shekara 14, fuska uku

J150 ta fito a 2009, aka sabunta fuskarta a 2013, aka sake sabuntawa a 2017. Farkonta bai rasa tangarɗa ba. A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su sayi GX460 ta 2010, bayan gwaji ya nuna bayanta na zamewa sosai a kwana kafin na'urar daidaita tafiya ta kama. Toyota ta dakatar da sayarwa, ta janye kimanin 9,400 a Amurka, tare da wasu Prado a sauran ƙasashe, ta gyara manhajar kwamfutar motar.

Bayan wannan, injinan fetur na J150 sun zama daga cikin mafi aminci a ajinsu, saboda tsofaffin injina ne da aka riga aka gano aibinsu aka gyara. Mai lita 2.7 yana da ƙarfin doki kusan 160, alhali motar ta haura tan biyu, don haka yana wahala a hawa idan an cika ta da mutane da kaya, kuma rangwamen man da ake zato ba ya kai yadda ake tsammani. Har zuwa 2015 giyabos ɗinsa mai sarrafa kansa giya huɗu ne, daga nan aka mayar da shi shida. Mai lita 4.0 ya haura ƙarfin doki 270, ya fi dacewa da doguwar hanya, amma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin cika tankinsa ya zama abin lissafi kafin ciniki.

GX460 tana da injin 1UR-FE mai lita 4.6 da sarƙa. Abin da aka fi sani da shi shi ne yoyon ruwan sanyaya inji daga kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, inda ido ba ya gani sai an leƙa da fitila. Gyaran yana buƙatar kwance saman inji.

Dizal: inda sabuwa ba lallai ta fi tsohuwa ba

Babu inda bambancin shekaru ya fi fitowa fili kamar a injinan dizal. Injin 1KD-FTV mai lita 3.0, wanda ake rubuta wa D-4D, yana fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta nozul masu laushin aiki. Yana da raunuka biyu sanannu. Na farko, wasar da ke ƙarƙashin nozul kan yi yoyo, hayaƙi ya gauraya da baƙin mai ya zama dunƙule, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, inji ya rasa mai ya buga. Na biyu, fistin kan tsage a wasu motocin da aka ƙera tsakanin wajajen 2006 da 2014, musamman idan nozul sun lalace aka ci gaba da tafiya.

A 2015 aka kawo 1GD-FTV mai lita 2.8. A ƙasashen da ke da tsauraran dokokin hayaƙi an haɗa shi da matatar da ke tare ƙurar hayaƙi a cikin salansa. A watan Afrilun 2022 Kotun Tarayya ta Ostireliya ta yanke hukuncin cewa wannan matata tana da aibi a motocin Prado da Hilux da Fortuner fiye da 260,000 da aka sayar a ƙasar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020. Matatar tana buƙatar dizal mai tsafta da doguwar tafiya domin ta ƙone abin da ta tara. Cunkoson titin Ikwerre ba ya ba ta wannan dama.

Ingancin mai shi ne babbar magana. Turai ta taƙaita sinadarin salfa a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali Najeriya ta shafe shekaru tana amincewa da har kashi 3,000 cikin miliyan, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da kashi 50 a 2020. A jihar Ribas akwai ƙarin matsala: dizal ɗin da ake dafawa ba bisa ƙa'ida ba a cikin fadamu, wanda ake kira kpofire, kuma ake dangantawa da baƙar ƙurar da ta addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016. Yana da araha, amma araha ba ta ado. Irin wannan mai yana iya kashe nozul da famfon injin zamani cikin ɗan lokaci. Dalili ke nan da Toyota ta ci gaba da sa tsohon injin 5L-E marar tabo a cikin J150 da ake kai wa wasu ƙasashen Afirka da ƙungiyoyin agaji. Ba shi da gudu, amma ya fi haƙuri da man da ya samu.

Masu fetur ma ba su tsira gaba ɗaya ba. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, lamarin da ya sa masu motoci da dama kokawa.

Sababbin samfura

Sabuwar mota ba ta nufin marar aibi. A watan Mayun 2024 Toyota ta janye motocin Tundra da Lexus LX600 na 2022 da 2023 kimanin 102,000 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin injinsu mai tabo biyu tun daga masana'anta, daga baya kuma ta yanke shawarar canza injinan. Land Cruiser 300 mai fetur, wadda ta fito a 2021, tana amfani da inji daga wannan zuriya. Darasin da tarihin waɗannan motoci ya maimaita shi ne, shekarun farko na kowane sabon inji su ne na gano kurakurai, shekarun ƙarshe kuma su ne suka fi nuna.

Fuskar mota ba shekararta ba ce

A manyan biranen Najeriya sana'a ce mai zaman kanta a ɗauki Prado 2010 a canza mata fitilu da bamba da bonet da ragar gaba, wani lokaci har da sitiyari da dashbod, ta fito da kamannin 2018. Haka ake yi wa GX460 da Land Cruiser 200. Wanda ya yi wa motarsa haka don sha'awa bai yi laifi ba. Laifin yana zuwa ne sa'ad da aka sayar da ita da kuɗin sabuwa, mai saye ya biya miliyoyin naira a kan kyan ɗan maciji, alhali inji da giyabos da wayoyi na nan da shekarunsu.

Hanyar tantancewa ita ce lambar shasi. A motocin da aka ƙera wa Amurka, irin su GX da 4Runner, lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma na goma shi ke nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba, ana tsallake wasu haruffa irin su I da O da Q. A jikin ƙofar direba kuma akwai takardar da ke nuna wata da shekarar ƙira. A Prado ta wasu kasuwanni wannan ƙa'ida ba koyaushe take aiki ba, don haka a kai lambar wurin dilan Toyota ya duba, a kuma duba ƙyallen da ke gindin bel ɗin kujera, wanda yawanci ke ɗauke da shekarar da aka yi shi. Lallai lambar da ke jikin shasi ta dace da ta takardun kwastan, musamman tun da Hukumar Kwastan ta fara amfani da lambar wajen ƙayyade harajin motoci a 2022.

Daga ina ta fito?

Kowace ƙasa da irin tabon da take bar wa mota. Ta arewacin Amurka da Kanada ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cin shasi daga ciki. A 2016 Toyota ta amince da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi a motocin Tacoma da Tundra da Sequoia kusan miliyan ɗaya da rabi. 4Runner da GX ba sa cikin sasancin, amma gishirin da ya ci waɗancan shi ne a kan titunan da suka bi. Baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin mota ba shaidar lafiya ba ne. A ƙwanƙwasa da guduma a ji.

Akwai kuma motocin ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas, kuma irin waɗannan sukan ƙare a gwanjon kamfanonin inshora, daga can a yi jigilarsu zuwa ƙasashen waje. A gida ma, ambaliyar 2022 ta yanke hanyar East-West a yankin Ahoada da Mbiama, ta rufe hanyar Lakwaja zuwa Abuja a Koton Ƙarfe. Motar da ta kwana a ruwa tana iya tashi lafiya yau, wayoyinta su fara ruɓewa bayan watanni. Warin danshi, laka a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙusoshin kujeru su ne masu tona asiri.

Sai motar da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma doka ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba. Wadda aka mayar wa sitiyari hagu an taɓa birkinta da wayoyinta da ƙarfen tuƙinta, kuma ƙwarin da aka san Prado da shi bai shafi aikin walda na bayan gida ba.

Riƙo ya fi shekara

Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, don haka jif a nan tana yawan shiga ruwa. Bayan kowace damina ya kamata a duba man aksul da na giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari; idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Prado da GX suna jan ƙafa huɗu a kowane lokaci, saboda haka haɗa tayoyi masu girma daban-daban yana gajiyar da giyar tsakiya. Ita kuma ƙaramar giyar hawa, idan aka shekara ba a sa ta ba, na'urar da ke shigar da ita kan ƙage.

Al'adar cire tamostat da zuba ruwan famfo zalla a lagireto ta kashe injina da yawa da aka ɗora wa shekararsu laifi. Haka ma jabun kayan gyara. Kasuwannin Ikoku a Diobu, da Nkpor da Mgbuka Obosi a kusa da Anacha, da Coal Camp a Inugu suna da kayan waɗannan motoci a yalwace, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake son su. Amma a rumfa ɗaya ana iya samun na asali da na kwaikwayo, farashi ne kawai da idon masani ke raba su.

Idan aka tattara, mai neman jif ta doguwar hanya zai fi samun kwanciyar hankali da Prado ko 4Runner mai injin fetur na lita 4.0 daga wajajen 2006 zuwa sama, ko J150 mai lita 2.7 ta 2015 zuwa sama ga wanda ba ya ɗaukar kaya masu nauyi. Dizal na zamani sai wanda ke da tabbacin inda zai riƙa shan mai mai kyau. Wannan jeri kuwa yana aiki ne kawai bayan an tabbatar da shekarar ta lambar shasi, an ɗaga motar an ga ƙarƙashinta, an jona mata kwamfutar bincike, an kuma tuƙa ta har inji ya yi zafi, tare da makanikin mai saye, ba na mai sayarwa ba. Maleji ana iya mayar da shi baya. Lallausar robar birki da gogewar sitiyari da kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Wanda ya tura kuɗi saboda hoton da aka aiko masa a waya ya yi cinikin biri a sama, kuma sau da yawa a tsakanin Otukpo da Makurɗi yake gane abin da ya saya.